Wai Ka San Sunan Ɗan Majalisar Jiharku?

Ɗan ajiye wayar nan minti ɗaya, ka amsa min tsakani da Allah: wane ne yake wakiltar mazaɓarku a Majalisar Dokokin Jihar Kano? Ban da duba Google. Na yi wa abokaina wannan tambaya a makaranta, mutanen da suke kwana suna musun siyasa a Facebook da TikTok, sai ga shi ana ta sosa ƙeya. Ni ma ban san namu ba sai da rigimar masarauta ta iso unguwarmu.

A Nassarawa GRA nake zaune. Duk wanda yake bin State Road ya ga yadda jami'an tsaro suka cika kewayen Gidan Nassarawa tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Aminu Ado Bayero ya sauka a can, Muhammadu Sanusi II kuma yana Gidan Rumfa. Mun yi ta cacar baka a kan gwamna, a kan Kwankwaso da Ganduje, a kan kotu. Amma takardar da ta jawo wannan duka daga zauren majalisa ta fito. A watan Mayun 2019 majalisar ta amince da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Ranar 23 ga Mayun 2024 sabuwar majalisa ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ko wane ɓangare kake goyon baya, abin da nake so ka lura da shi ɗaya ne: sau biyu ana juya masarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin 'yan kwanaki, kuma sau biyun abin da gwamna mai ci yake so shi majalisa ta yi.

Kujeru 40 ne a zauren. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗin jiha, wato kuɗin gyaran ajin ƙanenka da maganin asibitin unguwarku. Su suke tantance kwamishinoni. Suna da ikon tsige gwamna, kuma idan ya ƙi sa hannu a kan doka, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya zartar da ita ba tare da shi ba. Ko kundin tsarin mulkin Najeriya ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda.

To me ya sa mai wannan iko yake zama ɗan amshin shata? A ganina laifin “sak” ne. Zaɓen ɗan majalisar jiha rana ɗaya ake yin sa da na gwamna, kamar yadda aka yi ranar 18 ga Maris, 2023. Ka dangwala wa gwamnan da kake so, sai ka nemi tambarin jam'iyyar a ɗaya takardar ka sake dangwalawa, ko sunan ɗan takarar ba ka taɓa ji ba. Shi kuma ya san ba kai ka kai shi ba, rigar wani ce ta kai shi. Ranar da buƙatarka ta ci karo da ta mai rigar, kai ma ka san inda zai karkata.

Za ka ce ai jam'iyya ake zaɓa. Na yarda, kuma ban ce ka bar jam'iyyarka ba. Amma jam'iyya tana fitar da ɗan takara ne a zaɓen fid da gwani, a nan ake yanka ta tashi, mu kuwa lokacin muna can muna yaɗa hotunan manya.

Tun 2018, da Buhari ya sa hannu a kan dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman wannan kujera. Yayyenmu da yawa sun kai, wasunmu ma za su kai kafin 2027. Ko ba ka da kuɗin fom, kana da data. Ka nemo sunan ɗan majalisarku yau, ka shiga shafinsa, ka tambaye shi ƙudiri nawa ya gabatar tun da aka rantsar da shi, da kuma matsayinsa ranar da aka soke dokar masarautu. Idan ya amsa maka da hoton rabon shinkafa, ka sake tambayarsa.