Karatu kyauta a intanet, amma ɗalibin N'Guelbély da me zai shiga?

Duk shekara idan dogon hutu ya kama, jami'o'i da kamfanonin fasaha na ƙetare sukan buɗe wa 'yan sakandare darussan kimiyyar sarrafa bayanai ta intanet, ba tare da biyan ko dala ba. Akwai ma waɗanda ƙofarsu a buɗe take ko da yaushe, kamar darussan Python na Kaggle, mallakar Google. Abin da ake koya shi ne yadda ake tattara alƙaluma, a tsabtace su, a fitar da ma'anar da za a yanke shawara a kanta.

Jihar Diffa na cikin wuraren da suka fi buƙatar wannan ilimi. Kogin Komadugu ya yi mummunar ambaliya a 2019 da 2022, ya cinye gonaki da gidaje. Manoman tattasai kan sayar da amfaninsu ba tare da sanin yadda farashi ke tafiya a sauran kasuwanni ba. A ƙaramar hukumar N'Guelbély, cikin gundumar Maine-Soroa, rairayi na ci gaba da matsa wa makiyaya da fadamu. Tsayin ruwa, kuɗin buhu da yawan dabbobi duk lissafi ne, kuma ɗan yankin da ya iya karanta shi ya fi baƙon masani sanin inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi.

Sai dai kalmar "kyauta" tana ɓoye tsada. Ɗalibi na buƙatar kwamfuta, domin rubuta manhaja a ƙaramar waya wahala ce. Yana buƙatar kuɗin data na makonni, da wutar caji, da sabis mai ƙarfi. Yawancin darussan da Turanci ake yinsu, alhali ɗaliban Nijar da Faransanci suka taso. Ga shi hutun yana faɗawa cikin damina, lokacin da iyaye ke buƙatar hannu a gona da kiwo. A jihar da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita karatu tun daga 2015, idan aka bar kowa ya yi ta kansa, 'ya'yan masu hali na Yamai ne za su amfana, tazarar kuma ta ƙaru.

Gyaran bai fi ƙarfin hukumomi ba. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 kuma ta karkata ga muhalli da noma, tana iya buɗe ɗaki guda a lokacin hutu, ɗalibanta su zama masu jagora. Makarantar Idriss Alaoma ma haka. A garuruwa irin N'Guelbély, faranti mai amfani da hasken rana, kwamfutoci kaɗan da layin intanet guda sun isa a fara, musamman yanzu da Starlink ya sami izinin aiki a ƙasar. Kamfanonin Airtel, Moov da Zamani su sauƙaƙa kuɗin shiga shafukan karatu. A kuma ware wa 'yan mata gurbi tun farko, da lokacin da iyaye za su amince da shi.

'Yan Diffa mazauna ƙetare su ma suna da rawar takawa. Tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a Faransa ko Kanada, ko awa biyu a mako na bayani da Hausa, Barbarci ko Fulatanci, na iya sauya rayuwar yaro.

Kafin hutu mai zuwa, ya kamata hukumar ilimi ta jihar ta fito ta faɗi inda za a buɗe cibiyoyin, ɗalibai nawa za su ɗauka, da wanda zai biya kuɗin intanet. Iyaye da ƙungiyoyin matasa su riƙa tambaya har sai an ba su amsa.