Sharhi Kan Kuɗin Ariyas Da Rarar Haraji Da Kan Shigo Wa Ma'aikaci Ba Zato

Duk wanda ya taɓa zama cikin ma'aikatan ƙaramar hukuma ya san irin hayaniyar da kan tashi ranar da alat ya shigo alhali wata bai ƙare ba. Malamin firamare a Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, yana tsakiyar darasi sai waya ta yi ƙara, ya duba ya ga kuɗin da bai sa rai da su ba. Kafin a tashi daga makaranta labari ya isa ga ma'aikacin lafiya da dattijon ɗan fansho da ke kishingiɗe a zaure, kowa yana tambayar ɗan'uwansa ko shi ma ya gani. Wasu su ce ariyas ɗin ƙarin girma ne, wasu su ce rarar haraji ce aka mayar, wasu kuwa su ce kuskure ne, a yi maza a cire kafin banki ya farga. Da la'asar sai ka iske layi a wurin mai POS, wani har ya tsayar da ranar shiga Haɗeja sayayya.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan wannan batu shi ne, mafi yawan jama'a suna ɗaukar irin waɗannan kuɗi tamkar tsintuwa, alhali kuwa a mafi yawan lokuta guminsu ne da aka riƙe ya dawo musu a makare. Wanda ya ɗauke su tsintuwa ba zai ƙirga ba, ba zai tambayi na wane wata ne ba, balle ya gane ko an cika masa ko da saura.

Bari mu fara da harajin albashi, domin nan ne ma'aikaci ya fi rashin sanin abin da ake ciki. A ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga da aka yi wa gyara a shekarar 2011, kafin a lissafa wa mutum haraji akan ware masa rangwame na Naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari na abin da yake samu a shekara, sannan a caji abin da ya rage mataki-mataki: kashi 7 a kan Naira 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biye, kashi 15 a kan 500,000 da ke bin su. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinsu. Sabon tsarin ya soke wancan rangwame, ya yafe haraji ɗungurungum a kan Naira 800,000 na farko, ya sa kashi 15 a kan Naira miliyan 2.2 da ke biye.

Mu ɗauki malamin nan na Baturiya, a ce abin da ya rage masa a shekara bayan an cire kuɗin fansho Naira 1,200,000 ne, mu ajiye sauran cire-cire gefe guda. A tsohon lissafi rangwamensa Naira 440,000 ne, harajinsa kuma ya tashi 78,000. A sabon lissafi Naira 400,000 kaɗai za a caja, harajin ya sauko zuwa 60,000. Bambancin Naira 18,000 ne a shekara, wato 1,500 kowane wata. To idan aka yi jinkirin wata shida ba a sauya lissafin a takardar albashinsa ba, yana bin Naira 9,000. Ranar da suka shigo zai yi murna, amma idan 6,000 suka shigo ma haka zai yi murnar, domin bai san adadin da yake bi ba.

Akwai kuma rangwamen kuɗin haya da sabuwar dokar ta zo da shi, kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Wannan ba ya zuwa da kansa, sai mutum ya bayyana hayar da yake biya. Ma'aikacin da ke biyan Naira 150,000 a Haɗeja za a cire masa 30,000 daga abin da ake caja, ya tsira da Naira 4,500. Mazaunin gidan gado a Baturiya ba shi da rabo a nan, kuma a ganinmu wannan sashe an yi shi ne da mutanen birni a zuciya.

Idan mai karatu bai manta ba, jihar Jigawa ita kanta ta taɓa karɓar irin wannan biyan na baya, kuma mai yawan gaske. Daga shekarar 1995 zuwa 2002 an riƙa zaftare kason jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya da sunan biyan bashin ƙasashen waje. Bayan da Najeriya ta daidaita da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a shekarar 2005, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda aka yafe mata Dala biliyan 18, jihohi suka ci gaba da kukan cewa abin da aka cire musu ya zarce abin da ake bin su. Sai a ƙarshen 2016, a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka fara mayar da rarar, bisa sharaɗin a sa wani kaso mai tsoka wajen biyan albashi da fanshon da suka taru. A kashi na biyu da aka saki a watan Yulin 2017, wanda ya kai Naira biliyan 243.8, Jigawa ta sami fiye da Naira biliyan 7. Shekara 14 ke nan tsakanin cirewar ƙarshe da biyan farko. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarin shi ne abin da ya biyo baya: wasu masu ba da shawara suka fito suna neman Dala miliyan 418 a matsayin ladan bin diddigin kuɗin, Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta ƙi yarda, magana ta yi shekaru a kotu. Wanda bai adana takardun lissafinsa ba, ƙarshenta sai ya biya wanda ya adana masa. Haka abin yake ga ɗan fanshon da ke neman mai bi masa fayil a Dutse a kan wani kaso.

Sai batun daraja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Ma'ana, wanda ya kamata a biya shi Naira 100,000 a Disambar 2023 amma bai karɓa ba sai bayan shekara guda, abin da zai saya da su bai wuce na kimanin Naira 74,000 a wancan lokaci ba. A takarda an biya shi daidai, a kasuwa kuwa ya yi asarar rubu'i. Mutanen fadamar Haɗeja ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarar 1974 da ta Challawa a 1992, sun ga yadda yawan ruwa da lokacin zuwansa suka sauya, sun ga kachalla ta cinye hanyoyin ruwa, sun kuma san cewa ruwan da bai zo lokacin da shinkafa ke bukata ba, ko ya zo daga baya bai maye gurbin damina ba.

Ɗaya ɓangaren da jama'a ba su son a taɓo shi ne na masu cewa a yi maza a cire kafin a farga. Kuskure yana faruwa ta fuska biyu, akan rage wa mutum, akan kuma ƙara masa. A Birtaniya, inda a 2003 aka fito da tsarin tallafa wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi ta hannun hukumar haraji, a shekarar farko kusan iyalai miliyan 2 aka biya fiye da haƙƙinsu, wasu dubban ɗaruruwa kuma aka biya su ƙasa da nasu. Waɗanda aka rage wa an cika musu, waɗanda aka ƙara wa kuwa aka bi su bashi bayan sun riga sun kashe, iyalai da yawa suka shiga ƙunci. An rufe tsarin baki ɗaya a watan Afrilun 2025. A nan gida ma, kuɗin da ya shiga asusun ma'aikaci bisa kuskure daga albashinsa za a zare su, kuma sau da yawa zarewar kan faɗo a watan da ya fi bukata. Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na kuɗin kuskure bai fi shi tsawo ba.

Ga kuma 'yan damfara, waɗanda kasuwarsu kan buɗe da zarar an ji ƙishin-ƙishin biyan ariyas. Sukan kira dattijo su ce sunansa ya fito, ya turo lambar BVN da lambobin sirrin katinsa, ko ya fara biyan wani abu a saki kuɗin. Babu hukumar da ke neman lambar sirri kafin ta biya mutum haƙƙinsa.

Saboda haka shawararmu ga ma'aikacin da alat ya shigo wa ba zato ita ce ya ɗan dakata, ya nemi takardar albashinsa ta watan daga sashen kuɗi na ma'aikatarsa ko na ƙaramar hukumarsa, ya kwatanta ta da na watannin baya, ya ga me aka biya da kuma na wata nawa ne. Idan batun haraji ne, Hukumar Tara Haraji ta jiha ita ce mai bayani, kuma doka ta yarda a mayar wa mutum rarar da aka cire masa ko a rage ta daga harajinsa na gaba. Su kuma ofisoshin da ke biyan kuɗin, muna ganin lokaci ya yi da duk wani ariyas zai riƙa tafiya da 'yar takarda, ko saƙon waya, mai nuna dalilin biyan da watannin da ya shafa da abin da ya rage idan akwai. Daga Baturiya zuwa Dutse tafiya ce ta wuni guda da kuɗin mota, kuma malamin da ke bin Naira 9,000 ba zai yi ta don ya yi tambaya kawai ba.