Macijin da Ya Ɓace Babu Mai Cigiyarsa

A watan Maris na 2025 wasu masu bincike biyu suka ɗaga wani dutse a ɗan ragowar kurmin tsibirin Barbados, can yankin Karebiyan, sai ga wata halitta da aka yi kusan shekara 20 ba a sa ta a ido ba. Shi ne maciji mafi ƙanƙanta da ilmi ya sani zuwa yau. Tsawonsa kimanin santimita 10 ne, kaurinsa kuwa bai wuce silin taliya ba. Sai a 2008 wani masani Ba'amurke, Blair Hedges, ya tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Ana lissafa shi cikin makafin macizai, masu rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Idanunsu ɗigo ne kawai, iyakarsu bambance haske da duhu. Ba su da dafi, abincinsu ƙwan gara da na tururuwa.

Abu biyu suka taru a kansa. Tun da Ingilishi suka mamaye tsibirin a 1627 aka yi ta sare kurmi domin noman rake, har kashi 98 cikin ɗari ya tafi. Sannan ga wani baƙon ɗan'uwansa daga Asiya, wanda ya zaga duniya a ɓoye cikin ƙasar tukwanen furanni. Wannan baƙo duk jinsinsa mata ne, suna hayayyafa ba tare da namiji ba, alhali ɗan gida ƙwai ɗaya tak yake sakawa. Kamanninsu ta kai sai an duba da gilashin ƙara girma kafin a rarrabe su.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu? To, danginsu suna nan a gonakinmu. Da damina fartanya kan tono su, wani ya ɗauka tana ce, wani ya ce maciji mai kai biyu ne, ya kashe. Ɗalibaina kan zayyano mini zaki da giwa, amma da wuya a sami wanda ya san abin da ke ƙarƙashin kunyar mahaifinsa.

Mutanen Barbados sun yi sa'a, sun san abin da suke nema domin an riga an rubuta shi. Mu kuwa, in gari ya cinye fadama, wa zai iya faɗin abin da ya tafi tare da ita? Lokaci ya yi da sassan nazarin halittu a jami'o'inmu za su tura ɗalibai gona, su tattara, su auna, su rubuta, har da sunayen da manoma ke kiran waɗannan halittu.