Raddi ga masu cewa tashar kayan jirgin ƙasa ta Radlett ba ta da hujja

Tun shekarar 2006 ake ja-in-ja a gundumar St Albans da ke arewa da birnin Landan kan wani fili kusa da Radlett da ya taɓa zama filin jirgin sama na kamfanin Handley Page, wanda ya daina aiki a 1970. Kamfanin Helioslough ne ya fara neman izinin gina babbar tashar da jirgin ƙasa zai riƙa sauke kwantenoni manyan motoci su ɗauka, tare da ɗakunan ajiya masu faɗin murabba'in mita fiye da 330,000. Majalisar gundumar ta ƙi har sau biyu, mazauna ƙauyukan Park Street da Frogmore da kewaye suka kafa ƙungiyar STRiFE, aka yi ta kai-komo tsakanin sufetocin tsara ƙasa da ministoci da Babbar Kotu, har minista Eric Pickles ya ba da izini a Yulin 2014. Sai a 2023 hukumar lardin Hertfordshire ta sayar wa kamfanin Segro, wanda zai gina tashar, nata kason filin, a 2024 kuma kotu ta kori ƙarar da aka shigar kan cinikin. Masu adawa ba su sauya ra'ayi ba, kuma hujjojinsu su ne ake maimaitawa duk inda aka zo da irin wannan aiki a Ingila. Mutane ne masu kishin garinsu, ba a raina damuwarsu. Amma hujjojin nasu, idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba su kai inda suke so su kai ba.

Hujjarsu ta farko ita ce filin yana cikin koriyar ɗamara, wato ƙasar da aka killace kewaye da Landan don kada birni ya yi ta cin ƙauyuka har su haɗe, saboda haka ba a taɓa shi. Gaskiya ne yana ciki, kuma babu sufeto ko ministan da ya musanta cewa ginin zai yi wa filin babbar illa. Sai dai ƙa'idar killacewar ba ta taɓa cewa haramun ne har abada ba. Abin da ta ce shi ne ba a gini sai da dalili na musamman ƙwarai wanda ya rinjayi illar a fili. Wanda ya riƙe rabin ƙa'ida ya saki rabi bai kare ta ba, ya sauya ta ne. Sannan akwai abin da ya kamata a duba da idon basira: tashar da za ta ciyar da Landan dole ta kasance kusa da Landan, a bakin babban layin dogo, a bakin babbar hanyar mota, a fili mai faɗin da jirgi mai tsawon mita 775 zai shiga ya tsaya. Filin da ya cika waɗannan sharuɗɗa a gefen Landan kusan duk yana cikin ɗamarar. Cewa kada a taɓa ta ko da wane dalili daidai yake da cewa kada yankin ya samu tasha sam, kuma wannan magana ce da ya kamata mai yin ta ya fito ya faɗe ta a sarari.

Daga nan sai su ce ba tashar suke ƙi ba, wurin ne bai dace ba, akwai inda ya fi. Wannan ita ce hujjar da ta fi daɗewa a gaban hukuma, kuma an ba ta haƙƙinta fiye da yadda masu ita ke tunawa. A 2008 an yi watsi da ƙarar farko da kamfanin Helioslough ya ɗaukaka saboda binciken da ya yi na sauran wurare yana da naƙasu. Ya koma ya sake bincike. A 2010 sufeton da ya saurari kowa ya ba da shawarar a amince, amma Pickles ya ƙi, yana ganin wani fili a Colnbrook kusa da Slough zai iya fi ƙarancin illa. A 2011 Babbar Kotu ta soke wannan hukunci. To, ina labarin Colnbrook? A 2016 an hana izinin tashar da aka nema a can, domin shi ma filin yana cikin ɗamarar, kuma shi ne ɗan tazarar da ya raba Slough da Landan. Howbury Park da ke kudu maso gabashin birnin ya samu izini a 2007, ba a gina ba, da aka sake nema aka hana a 2019. Kowace al'umma ta nuna maƙwabciyarta da yatsa, kowace kuma tana da hujja iri ɗaya. Idan mutanen wurare uku kowannensu ya ce a kai wa ɗayan, kayan ba sa ɓacewa. Suna ci gaba da tafiya a bayan tirela a kan hanyar M25, suna wucewa ta gefen ƙauyukan nan da ake cewa ana karewa.

Wannan ya kawo mu ga maganar motoci, wadda ita ce ta fi ci wa mazauna tuwo a ƙwarya. Suna cewa wace irin tashar jirgi ce za ta rage motoci alhali dubban tireloli za su riƙa shiga da fita kullum ta hanyar A414 da ta riga ta cushe? A nan an cakuɗa abu biyu. A bakin ƙofar tashar motoci za su ƙaru, wannan ba ya buƙatar gardama, shi ya sa izinin ya haɗa da sabuwar hanyar da za ta kewaye Park Street. Amma abin da ake aunawa a lissafin ƙasa shi ne tsawon tafiyar da kaya ke yi a kan kwalta. Kwantenar da ta sauka a tashar ruwa ta Southampton ko Felixstowe, ko dai tirela ta ja ta tun daga bakin teku, ko jirgi ya kawo ta kusa da masu saye mota ta ƙarasa 'yan kilomitoci. Jirgi ɗaya yana ɗaukar lodin tireloli gommai, kuma hayaƙin da ke ɗumama duniya da yake fitarwa kan kowane tan bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mota ke fitarwa ba. Layin dogo ba ya zuwa ƙofar kanti, dole a samu inda ƙarfe zai miƙa wa taya kaya. Wannan dalilin ne ya sa aka gina tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala a Kano, don kayan tashar ruwa ta Apapa su yi doguwar tafiyarsu ba a kan titi ba, kuma duk wanda ya bi labarinsu ya san darajarsu tana rataye ne ga zuwan jirgi a kai a kai. Birtaniya, inda jirgi bai ɗaukar ko kashi 10 cikin 100 na kayan da ake sufuri a cikin ƙasa, ta sa wa kanta a 2023 burin ƙara kayan jirgi da kashi 75 cikin 100 kafin 2050. Babu yadda za a yi haka ba tare da wuraren sauke kaya ba.

Sai hujjar masana layin dogo daga cikinsu: babban layin Midland cike yake da jiragen fasinja na Thameslink, ramukansa da gadojinsa kuma tsofaffi ne, ba su da tsayin da doguwar kwantena mai ƙafa 9 da inci 6 za ta wuce a kan tarago na yau da kullum. Duka biyun gaskiya ne a matsayin bayanin yadda layin yake, amma ba hukunci ba ne kan yadda zai kasance. An faɗaɗa ramuka an saukar da layi a wasu hanyoyin, ciki har da wadda ta tashi daga Southampton zuwa tsakiyar Ingila, kuma akwai taragu masu ƙasa-ƙasa da aka ƙera don irin wannan matsala. Jirgin kaya kuma ba ya takara da ma'aikata a lokacin rububin safe da yamma, tsakar rana da dare yake bi. An tattauna wannan batu a gaban sufeto da shaidun ɓangarorin biyu, bai ga ya isa hana izini ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda suka fi faɗa da ɗaci: jirgin ado ne kawai, ɗakunan ajiya ake so, an saka layin dogo a takarda don a samu shiga filin da ba za a taɓa bayarwa don sito zalla ba. Wannan zargi yana da tushe. A Northampton Gateway, wadda ita ma ta Segro ce, izinin 2019 ya ce kada a shiga ɗakin ajiya ko ɗaya sai tashar jirgi ta fara aiki, amma a 2023 aka sassauta sharaɗin. Wanda ya ga haka ya yi shakka bai yi laifi ba. Sai dai mu duba abin da hujjar ke tabbatarwa. Tana nuna cewa alkawarin jirgi yana iya jinkiri idan hukuma ta yi sako-sako. Ba ta nuna cewa irin wannan tasha ba ta aiki. Tashar Daventry da aka buɗe a 1997 ita ce inda kamfanin Tesco ke loda jirage zuwa Sikotland tun 2006, tashar East Midlands Gateway kuma ta fara karɓar jirage a 2020. A Radlett ɗin kanta, a ƙarshen Disambar 2024 an tsayar da jiragen layin Midland na kwanaki aka tura gadar kankare ƙarƙashin layin don reshen da zai shiga tashar. Ba a kashe irin wannan kuɗi don ado. Abin da zargin ke wajabtawa shi ne a riƙe kamfani da sharuɗɗansa, a ƙi duk wata buƙatar sassauci, a riƙa buga yawan jiragen da ke shiga kowane wata. A nan ne ƙarfin mazauna zai yi amfani, kuma a nan nake tare da su ba tare da wani ja da baya ba.

Maganar masu cewa gara a gina gidaje a filin ba ta buƙatar dogon bayani. Majalisar gundumar ta taɓa sanya filin a shirinta na gina rukunin gidaje fiye da 2,000, sufetoci suka ƙi shirin a 2020. Wanda ya yarda a rufe filin da gidaje ya riga ya sauka daga hujjar cewa ba a taɓa shi.

Saura zancen cewa an danne zaɓaɓɓun wakilai, tun da majalisa ta ƙi, 'yar majalisar dokokin yankin ta ƙi, minista daga Landan ya yi gaban kansa. Ciwon da ke cikin wannan magana na gaske ne, domin illar tana kan ƙauyuka ƙalilan, amfanin kuwa ya bazu a kan miliyoyin mutanen da ba su san sunan Park Street ba. Amma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a bar wa majalisar gunduma ita kaɗai hukunci kan abin da ya shafi ƙasa ba, kuma ministan shi ma zaɓaɓɓe ne da ke amsa tambaya a majalisar dokoki. Ba kuma gaskiya ba ne cewa duk wanda ya rubuta jirgin ƙasa a takardarsa sai a ba shi. A Maris 2025 ministar sufuri Heidi Alexander ta hana izinin tashar Hinckley a lardin Leicestershire, saboda haɗarin da ke tattare da mahaɗun hanyar M69 da manyan motocin da za su ratsa ƙauyen Sapcote. A can mazauna sun kawo illa takamaimai da kamfani ya kasa warwarewa, aka saurare su. A Radlett an saurari hujjoji a zaman bincike biyu da shari'o'i da dama cikin shekaru 18, kamfanin ya faɗi a 2008 lokacin da bincikensa ya gaza, ya ci a 2014 bayan ya gyara shi, kotu kuma ta tabbatar da izinin a 2015.