Tafinta da Magini: Wa Zai Faɗi Abin da Za a Fara Ginawa?

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasunku za su yi mamakin ganin maganar kwamfuta a wannan shafi. Ku yi haƙuri ku karanta. Abin da ya jawo ta a ɗakinmu na kwana ya faru, kuma da na bi diddiginsa sai na tarar matsala ce ta rashin fahimtar juna tsakanin ma'aikata biyu, irin wadda duk ɗalibin harshe zai gane.

Abokin zamana ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, yana ajin ƙarshe. Ya rubuta wata manhaja da harshen C++ domin aikinsa na kammala karatu. Saura kwana uku ya gabatar, sai abin ya fara yi masa wasa da hankali. In ya ba da umarnin a harhaɗa manhajar, wani lokaci ta haɗu lafiya, wani lokaci kuma kwamfutar ta ce ba ta ga wani sashe ba, alhali sashen yana nan. In ya sake gwadawa ba tare da ya canza ko harafi ɗaya ba, sai ta haɗu. Ga batir na ƙarewa, ga wuta babu. Har ƙarfe biyu na dare muna zaune, shi yana bincike, ni ina damun sa da tambayoyi.

Ga abin da na fahimta. Manhajoji biyu ne ke wannan aiki. Ta farko ita ce kwamfaila, wadda zan kira tafinta, domin aikinta shi ne juya abin da mutum ya rubuta zuwa harshen da injin ke ganewa. Fitattun tafintocin C++ uku ne: GCC, da Clang, da MSVC na kamfanin Microsoft. Ta biyu kuma zan kira ta magini. Babbar manhaja takan ƙunshi ɗaruruwan fayiloli, magini ne ke tsara wanda za a miƙa wa tafinta yanzu, da wanda zai jira, da wanda ba ya bukatar a sake taɓa shi. Kakan magina shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs da ke Amurka a 1976. A yau akwai irin su CMake, mai zana tsarin aikin, da Ninja, mai aiwatar da shi.

A tsohon tsari babu wata rigima tsakaninsu. Idan fayil yana bukatar abin da ke cikin wani, sai a rubuta umarnin #include, a kwafo rubutun wancan gaba ɗaya a liƙa. Saboda haka kowane fayil yana cin gashin kansa, ko da wanne aka fara daidai ne. Tafinta yana cikin aikinsa yakan rubuta jerin abubuwan da ya kwafo, magini ya ajiye jerin domin gobe, in an gyara ɗaya ya san waɗanda zai sake. Illar tsarin ita ce maimaici, domin rubutu guda ana iya fassara shi sau ɗari.

Don magance wannan ne ƙa'idar C++20, wadda hukumar ISO ta fitar a 2020, ta zo da abin da ake kira modul. Modul ana fassara shi sau ɗaya, a ajiye sakamakon a wani fayil na musamman, duk mai bukata ya ɗauka da umarnin import. To a nan gizo ke saƙa. Ku tuna lokacin da malami ya raba mana littafi mu fassara, kowa da babinsa. Idan mai babi na biyar dole ya yi amfani da kalmomin da mai babi na biyu ya zaɓa, ai ba zai fara ba sai wancan ya gama. Haka modul yake. Jerin da a da ake ajiyewa domin gobe, yanzu ana bukatarsa tun kafin a fara aiki. Ƙari a kan haka, ƙa'idar ba ta tilasta sunan modul ya zama ɗaya da sunan fayil ɗinsa ba, kuma ana iya sa umarnin import a ƙarƙashin sharaɗi, ya yi aiki a wannan kwamfuta, ya ƙi a waccan.

Abin da ya sami abokina ke nan. Da hannunsa ya rubuta wa Make jerin, ya manta cewa wani fayil yana jiran wani modul. Shi kuwa Make yana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, sai ya zama tsere. In modul ɗin ya riga, lafiya lau. In fayil ɗin ya riga, sai kuskure. Gwaji na biyu yana yin nasara ne saboda modul ɗin ya riga ya samu tun a gwajin farko.

To wa ya kamata ya faɗi jerin? Masana sun gwada hanyoyi uku. Ta farko, magini ya karanta fayilolin da kansa ya gano. Haka CMake ya daɗe yana yi wa harshen Fortran, wanda ya sami modul tun a ƙa'idar Fortran 90. Ta biyu, tafinta ya fara aiki, in ya ci karo da import ya dakata ya tambayi magini inda modul ɗin yake. Nathan Sidwell ne ya gabatar da wannan, kuma yana cikin GCC tun fitowa ta 11 a 2021. Ta uku, kafin a fara komai tafinta ya leƙa kowane fayil, ya rubuta abu biyu: modul ɗin da fayil ɗin ke samarwa, da waɗanda yake bukata. Wannan ita ce shawarar da ake kira P1689, wadda Ben Boeckel da Brad King na kamfanin Kitware suka rubuta, kuma bayanin yana fitowa ne a tsarin JSON mai sauƙin karantawa.

A ra'ayina hanya ta uku ce ta fi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tafinta ne ya san nahawun C++ da duk sharuɗɗan da aka gindaya masa. Hanya ta farko tana nufin kowane magini sai ya koyi harshen, kuma duk wanda ya koyi Hausa da girmansa kamar ni ya san yadda mai rabin sani ke yin kuskure yana ganin daidai yake. Hanya ta biyu kuwa tana bukatar magini mai iya amsa tambaya a tsakiyar aiki, alhali yawancin magina an gina su ne su san tsarinsu kafin su tura aiki. Da hanya ta uku, tafintoci uku suna magana da baki ɗaya, duk maginin da ya iya karanta JSON zai ji.

Masu suka suna da hujja. Sun ce ana karanta kowane fayil sau biyu, wanda ɓata lokaci ne. Gaskiya ne, amma leƙen bai kai nauyin fassara ba, kuma ni na ga daren da kuskure ɗaya ya cinye. Sun kuma ce P1689 bai warware komai da komai ba. Wannan ma haka ne. GCC yana ajiye modul a fayil mai ƙarshen .gcm, Clang a .pcm, MSVC a .ifc, kuma babu mai karanta na wani. Saboda haka wanda zai raba modul ɗinsa ga jama'a dole ya haɗa da asalin rubutun, kowa ya fassara da nasa tafintan. Sai dai wannan matsala ce dabam, ba ta rushe amfanin sanin jerin aiki ba.

Inda nake ganin an yi sakaci shi ne tazarar lokaci. Ƙa'ida ta fito a 2020, amma Clang 16 mai fitar da wannan bayani sai a 2023, CMake 3.28 da ya karɓi modul a hukumance sai a ƙarshen 2023, GCC 14 kuma sai a 2024. A tsakanin nan littattafai da malamai suna koyar da import, ɗalibai suna gwadawa suna faɗawa rami. Duk wanda zai sauya harshe, ya kamata ya zauna da masu aiki da shi tun farko.

Abokina dai ya koma CMake da Ninja da GCC 14, manhajarsa ta haɗu sau goma a jere, ya gabatar a kan lokaci. In kuna da aboki a wancan sashe da ke rubuta jerin modul da hannu, ku ba shi wannan shafi. Wanda kuma yake ganin hanya ta biyu ta fi, ya rubuto a fitowa ta gaba, ina sauraro.