A Bar Yaro Da Akori-kurarsa

Da wuya ka shiga wata tsohuwar unguwa a Kano ko Kaduna ko Zariya ba ka tarar da wata akori-kura a yashe a gindin katanga ba, tayoyinta sun sace, an ɗora ta bisa duwatsu, awaki sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Manya kan wuce ta ko kallo ba ta ishe su ba, sai fa 'yan gwangwan da kan zo su taya ta da kuɗin ƙarfe. To amma a irin wannan unguwa ba a rasa yaro guda, ɗan shekara 15 ko 16, wanda shi in ya dube ta mota yake gani da sabon fenti, ta ɗauko buhunan masara daga Dawanau, shi ne a sitiyari. Ranar da ya yi ƙarfin halin faɗa a gida, abin da yake samu dariya ce, in ma ba a haɗa masa da faɗa ba: "Kai da muke fatan ka zama likita, ka rasa abin sha'awa sai tsatsa da baƙin mai?" Ni a ganina wannan dariyar ba ta da muhalli, kuma ba yaron kaɗai take cuta ba.

Mu fara duba motar tukuna. Galibin waɗannan gawarwakin Fijo ne, ko dai 404 wadda Faransa ta fito da ita a 1960, ko 504 da ta biyo baya a 1968. Ita 504 ai tamu ce ta gida, don kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bai daina fitar da ita ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan su kansu Faransawan sun daina yin ta a ƙasarsu. Shi ya sa har yau in ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba ka rasa kayanta, ba ka kuma rasa dattijon makanike da zai iya kwance injinta ya mayar ido a rufe.

Abin da ya sa nake cewa tsohuwar akori-kura makaranta ce shi ne komai nata a fili yake. Ka ɗaga bonet ka ga kafireto, ga filogi huɗu, ga lagireto, ga batir, kowanne da isasshen wurin da hannu zai shiga. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ke tafiyar da su, in sun ƙi tashi sai an jona na'ura ta faɗi ciwon, kuma sau da yawa maganin shi ne a cire abu ɗungurungum a sa sabo. Yaron da ya fara da tsohon inji dole ya koyi tambaya a jere: mai yana isowa? Wuta tana zuwa filogi? Iska tana shiga? In duk ukun suna nan amma inji ya ƙi, to ko lokacin wutar ne ya goce, ko ringin fistin ya cinye inji ba ya matsewa? Ba ya tsallake ta farko ya tafi ta uku, don in ya yi haka kuɗinsa ne zai ƙone. Wannan kuwa shi ne irin tunanin da malamin kimiyya yake ta fama ya cusa masa a aji da alli, ga shi mota ta koya masa da sifana.

Sai kuma haƙuri, wanda shi ne ya fi yi wa matasa wuya. Duk yaron da ka tambaya, da fenti yake so ya fara, da fitilu, da rubutun da zai sa a bayan mota. Ai kuwa fenti shi ne na ƙarshe. Farko a duba shasi, in tsatsa ta cinye shi ko ya taɓa karyewa aka yi masa waldar ganin-dama, to maganar ta ƙare tun a nan, a bar wa 'yan gwangwan kayansu. In shasi lafiya, sai inji da giya, sai birki, sai wayoyin wuta a wurin rewaya, sannan fanel-bita ya daddaki jiki. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma yaron da ke tara ɗari biyar-biyar daga aikin hutu zai san darajar naira fiye da wanda ake miƙa wa. Zai shiga kasuwa a sayar masa da jabun kaya a kwalin na asali, ya dawo ya ji haushi, gobe ba mai sake yi masa haka.

Akwai ɗan wani maƙwabcina da ya nace wa mahaifinsa a kan wata 504 ta kakansu da ta shekara goma a ajiye. Uban ya ce masa, "In ka tayar da injin ba tare da ka faɗi jarrabawa ba, na ba ka ita." Yaron ya ce, "Baba, a ba ni hutu biyu." Hutu uku ya ci kafin ta yi tari ta kama, ranar kuwa har matan gidan sai da suka leƙo zaure. Har yanzu ba ta hau titi ba, amma masu babura na layin wurinsa suke kawo gyara.

Wani ɓangare na ƙyamar nan daga littattafai da finafinai ta samo ƙarfi. Ku duba littattafan soyayya da ke kasuwa tun shekarun 1990: jarumi kullum a Marsandi yake zuwa zance, ko Honda, ko Prado, yana kaɗa makulli yana ƙamshin turare, ba a taɓa faɗin wanda ke gyara masa ita. In makanike ya fito a labari, to shi ne saurayin da za a wulaƙanta a shafi na goma kafin Alhaji ya bayyana. Yarinyar da ta tashi da karanta wannan, da yaron da ya ga yadda take kallon mai baƙin hannu, duk sun ɗauki darasi ba tare da an ce musu ga shi ba. Alhali Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro, da wannan sha'awar ya tafi karatu Detroit ta Amurka, ya yi aiki da General Motors, ya zana Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Nijeriya. Ba cewa nake kowane yaro zai zama Jelani ba. Cewa nake da a ce an yi masa irin dariyar nan har ya ajiye fensir, da babu wanda zai san an yi asara.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma wasu maganganun nasu gaskiya ne. Tsohuwar mota rami ce, tana cin kuɗi ba ta ƙoshi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa, injin kafireto kuwa ba ya wasa da mai. Duk wanda ya ce wa yaro wannan motar za ta mayar da kuɗinta da wuri ya yaudare shi. Ribar tana hannun yaron da kansa, kuma ita ce za ta bi shi ko da an sayar da motar. Batun zaman gareji da abokan banza shi ma abin tsoro ne, amma yaron da ba shi da abin yi bayan la'asar ai ya fi kusa da majalisar 'yan shaye-shaye a kan wanda ke ƙarƙashin mota yana neman noti.

Don haka maimakon a ce masa a'a, a gindaya masa sharaɗi. Makaranta ba ta tsayawa, in ma son samu ne a nema masa kwalejin fasaha inda zai rubuta jarrabawar NABTEB ya fito da takarda a kan abin da yake so. Uba da kansa ya je ya zaɓi ubangidan da zai danƙa shi a hannunsa, mutumin da aka san halinsa a unguwa. Kafin a biya ko sisi a ga takardun motar, a gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, don kada a sayo wa yaro kayan sata ya ƙare a ofishin 'yan sanda. Kada ya kuskura ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da katako mai ƙwari. Kuma ko ta tashi yau, makullin yana aljihun uba har yaro ya cika shekara 18 ya karɓi lasin.