Sunan Wa Za Mu Sa Wa Kyautar 'Yan Gayya?

Makon jiya gardama ta kaure a zaurenmu na WhatsApp, mu 'yan Rigasa masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Muna son karrama wanda ya fi ƙoƙari a shekara, sai aka tsaya kan suna. Wasu suka ce a sa sunan ɗan siyasar da ya yi alkawarin sayo kwamfutar da za a bayar.

Mai karatu, ka san halin garin nan. Yau ka sa sunan mai kujera, gobe ya sauya jam'iyya, rabin marubuta sun ja baya, don ba sa son a gan su a hoto ƙarƙashin fastarsa. Wanda ya ƙona datarsa tsakar dare yana gyara maƙala kuwa, wallahi ba don wani oga ya yi ba.

Dubi ita kanta Wikipedia. Tun 2011 Jimmy Wales ke miƙa kyautar gwarzon shekara, babu sunansa a kai. A 2017, shekarar da Felix Nartey na Ghana ya ci, sunan ya koma na Wikimedia gaba ɗaya, wanda ya haɗa har da masu ɗora hotuna.

Ni dai "Sarkin Gayya" na kawo, tunda aikin gayya ne: kowa da fartanyarsa, ba a biyan kowa. Sai wata ta ce, idan mace ta ci fa? Gaskiyarta. Yanzu "Kambun Gayya" ke kan gaba, ɗan siyasar kuma ya daina ɗaga waya.